Jinin Jarirai a Jikin Yagana

Har yau idan na rufe ido ina ganin layin nan a kan takardar gwaji, ja mai kauri kamar an zizara lalle. Lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a ɗakin gwajin jini a Haɗeja, damina ta cika fadama, masu zuwa gwajin aure daga ƙauyuka sai a kwalekwale.

Ga wanda bai san aikin ba, muna ɗiga jini a takarda mu sa mata lantarki, kowane irin jini ya yi tafiyarsa ya tsaya a layinsa. Na Yagana, 'yar masunta, ya nuna sikila, sannan ga layin jinin da ake haihuwar jariri da shi, wanda yake gushewa tun kafin yaye. Shugabanmu, Malam Sale, ya ce lallai an haɗa kwalbarta da ta ɗakin haihuwa, tunda a kwando ɗaya ake kawo su. Muka sake ɗiba, layin ya dawo. Muka aika Kano.

Kafin amsa ta zo na gama ɗaura musu aure a zuciyata, ita da Habu mai nemanta, wanda kullum yake riƙe mata takalma a bakin ƙofa. Har launin atamfar biki na zaɓa.

Amsar ta ce babu kuskure. Malam Sale ya zaunar da su ya yi bayani: ƙwayoyin gadon da ke yin jinin jarirai tagwaye ne, suna kwafar juna, shi ya sa suke bambanta daga gida zuwa gida. A wasu gidajen ba sa daina aiki. Yagana ta gaji sikila daga ɓangare ɗaya, ta gaji wannan kariya daga ɗayan, don haka ba ta taɓa ciwon ƙashi ba. Amma Habu ma yana ɗauke da sikila.

Yagana ta dubi Malam Sale ta ce, "Baba, kariyar nan ba zan iya ba 'ya'yana ba?"

"Ɗaya kowane ɗa zai ɗauka daga gare ki, 'yata. Ko kariyar, ko sikilar."

Ta karɓi takalmanta daga hannun Habu ta saka da kanta. Ranar na gane aikinmu ba ya ƙarewa a kan takarda.

Bayan shekaru na gan ta a kasuwar Kafin Hausa tana sayar da bandar kifi, da goyo a bayanta. Wani manomi ta aura, 'ya'yanta duk lafiya. Ta tambayi Malam Sale, ta tambayi aiki. Har muka rabu ba ta ambaci Habu ba, ni ma ban ambata ba.