Zaren Baba da Injin Lebul

Har gobe akwai dogayen ƙusoshi biyu a tsaye a kan teburin da ke barandar gidanmu a Zuru, ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan. Sun yage mini hannun riga ba sau ɗaya ba, kuma duk kafintan da ya zo gyara sai ya ɗauko guduma zai zare su, in hana shi. Mahaifina ne ya kafa su, a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa garinmu, lokacin da na soma zuba zumar da nake sayarwa a kwalba.

Da galan sana'ar ta fara. Masu amya daga Sakaba da Kanya suna kawo mini zuma da saƙarta ranar kasuwa, in tace, in ware kaki, in auna wa mata a ƙofar gida. Da wani mai kanti a Kontagora ya ce zai riƙa karɓa idan na zuba a kwalba na manna mata takarda mai sunan kaya, wato lebul, sai na je wurin masu buga katin biki suka buga mini. Da almakashi nake yankawa, in dama sitacin rogo, in shafa da gashin kaza, in manna. Ni kuwa mai gaggawa ce tun ina yarinya. Wani lebul ɗin na duban gabas, wani na duban yamma, kuma bai dame ni ba, tunda ba takarda ake lasa ba.

A shekarar ce mahaifiyarmu ta rasu, Baba ya rage shi kaɗai a gidan gado da ke kan tudu bayan ƙauyen Manga. 'Yan'uwana maza duk sun bi sawunsa sun shiga soja, suna bariki can nesa. Na yi na yi ya dawo wurina, ya ƙi. A wurinmu suruki ne ke zuwa gonar uban matarsa. Shi ake kira golmo: saurayi ya yi shekaru yana yi wa iyayen yarinya noma kafin a ba shi ita. Baba ya yi golmon uwarmu har tafin hannunsa ya yi kanta, sannan ya tafi soja. To ta yaya, in ji shi, zai juya abin, ya je ya zauna a inuwar suruki yana tsoma hannu a kwanonsa? Balle surukin da bai taɓa riƙe masa fartanya ba. Mijina malamin firamare ne, a coci aka ɗaura mana aure, aka yafe masa noma. Baba ya yafe da baki, amma bai taɓa barin maganar ta huce ba.

Da kwalba na kamo shi. Na kai masa zuma wata Lahadi bayan an tashi daga coci, ya juya kwalbar a hannu, ya haɗe gira, ya tambayi wanda ya manna takardar haka. Na ce ni ce, ba ni da mai taya ni. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a bayan mashin da akwatin ƙarfensa na soja. Tun bai zauna ba ya kafa sharaɗi: aiki ya zo yi, kuma ranar da aiki ya ƙare zai koma inda ya fito.

Ranar farko ya kafa ƙusoshin nan, ya ɗaure zare tsakaninsu ya ja shi ya miƙe. Haka suke jera gadaje a bariki, in ji shi. Sai ya jera kwalabe a bayan zaren kamar kurata, kowane lebul gindinsa ya zauna daidai kan zare. Kwalbar da ta kauce sai ya ciro ta daga layi, ya jiƙa, ya ɓare, ya sake. Yana yi yana ba su oda a hankali, su kuwa ba su taɓa yi masa musu ba. Idan mijina ya dawo daga makaranta da garin alli a hannu, Baba zai dube shi ya ce ga manomin allo ya taso daga gona, ko yau an yi huɗa da yawa? Mijina ya rusuna ya gaishe shi yana dariya. Tica Baba ke kiran sa, ni kuma Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ji daɗin shekarun nan ƙwarai. Baba ya yi kumatu. Yana cin tuwon dawa har ya nemi ƙari, saboda a ganinsa guminsa yake ci. Matsalarmu ba ta wuce kyankyasai da ke cinye sitaci a bayan takarda ba, da damina da ke sa lebul ya yi laushi ya zame.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko idan yana zaune ne kawai, yatsun su riƙa motsi a kan gwiwarsa kamar mai murza gero. A asibiti suka ba shi ƙwayoyi, suka ce ciwon tsufa ne, ana lallaɓa shi ne, ba ya warkewa. A hankali abin ya kai ga takarda. Lebul abu ne marar nauyi, ga santsin sitaci, kafin ya kai shi jikin kwalba ya karkace. Da idonsa ne ya dushe da abin ya zo da sauƙi. Amma idon na nan garau, yana ganin kowace karkata, hannun ne ya daina jin oda. Sai ya wuni a kan abin da a da yake gamawa kafin hantsi.

Direban da ke kai mana kaya Kontagora ne ya ƙarasa abin, ba da mugun nufi ba. Ya ɗaga kwalba ɗaya yana dariya, ya ce wannan lebul ɗin burkutu ya sha ne? Ya ɗauka aikina ne, don ya saba tsokanata. Na zare masa ido, amma magana zarar bunu ce. Baba na zaune a wurin, ya riga ya ji. Da motar ta tashi, sai ya kwance zarensa daga ƙusoshin, ya nannaɗe shi a yatsa, ya sa a aljihu.

"Uwata, wanga aiki ya ƙare. In an yanke dawa, zan tahi gida."

Na san gidan da yake nufi. Jinkar ɗakinsa ta rufta tun daminar da ta wuce, rijiya na gangare, kuma maƙwabtan da suka rage duk sa'o'insa ne. Mutumin da ba ya iya kai kofi baki ba tare da ya zubar ba, wa zai hura masa wuta? Na san idan ya hau tudun nan, saƙo kawai za a aiko mini wata rana. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a ciwon mahaifiyarmu.

Babu dabarar da ban yi ba. Na ce ya riƙa wanke kwalabe, ya fasa ɗaya ya tsame hannu. Na ce ya riƙa lura da ƙofa idan na tafi kasuwa, ya ce shi ba kare ba ne. Na yi kuka, na yi faɗa, na turo masa dattawan coci. Ya saurare su da ladabi, sannan ya aika wa wani ɗan ƙanensa cewa ya shirya zuwa ɗaukar sa bayan girbi. Ya rage cin abinci, wai kada ya ci abin da bai noma ba. Mijina kuwa shiru, kamar ba a gidan ake yi ba, kuma shirun nasa ya fi komai ba ni haushi.

Da aka yi hutun makaranta mijina ya ce zai je Kano gaida wansa. Ya dawo da kwali mai nauyi a kafaɗa. Da ya buɗe sai ga wani ɗan inji kamar kan keken ɗinki. Yana da robobi biyu dogaye a kwance inda ake kwantar da kwalba, da sanda a baya inda ake zura naɗin lebul mai gam a jikinsa, da mariƙi a gefe da ake juyawa. Har lebul ɗin ya sa an buga mana a can, naɗi guda. Ka kwantar da kwalba, ka juya, ta mirgina, takarda ta bi jikinta ta manne. Ba sitaci, ba gashin kaza.

Na ja shi ɗaki na zazzage masa. Na ce mutum na neman dalilin tafiya, kai ka sayo masa takardar sallama? Yanzu ko ɗan abin da ya rage masa ka miƙa wa ƙarfe. Ya bar ni na gama, don ya san idan na ɗauko ba a tare ni. Sannan ya ce a kantin akwai mai aiki da lantarki, wanda ke yin komai da kansa, kuma mai kantin ya yi ta tallata masa shi. Ya ƙi. Ya lura cewa duk rawar da hannun Baba ke yi, idan ya damƙi sandarsa ko hannun buta sai ta lafa, abu marar nauyi ne ke ba shi wuya. Ni da nake 'yarsa kuka ya hana ni ganin haka.

Da safe ya ɗora injin a kan tebur tsakanin ƙusoshin, ya je gaban kujerar Baba ya durƙusa.

"Baba, ban yi maka golmo ba, kuma ka yi haƙuri da ni shekara da shekaru. Ga fartanyar da na iya samowa. Sai dai ni ina makaranta, ɗiyarka kuma ka san hannunta."

Baba ya kalli injin, ya kalli mijina, ya kau da kai wajen bishiyar mangwaro. Abin da ya ce kawai shi ne, bai taɓa ganin inda suruki ya kawo fartanya ya ce uban mata ya yi noman ba. Mijina ya ce haka ne, ya tashi ya tafi harkarsa. Bai sake tayar da zancen ba.

Injin ya yi kwanaki a rufe da tsohon zane. Dawa ta fara nuna, mai kanti kuma ya aiko yana neman kaya, dole na yaye zanen na zauna da kaina. Akwai wani ɗan ƙarfe da gindin kwalba ya kamata ya tokara da shi kafin a juya. Ni ina ruwana, ina jefa kwalba ina fizgar mariƙi kamar mai niƙa a injin markaɗe. Lebul na mannewa tsaf, amma wani a sama, wani a ƙasa. Ina jera su a gaban tebur, daidai inda Baba ke zaune. Na ji ya yi gyaran murya. Na ci gaba. Na ji ya yi tsaki, sai kuma ƙarar sandarsa a siminti.

"Tashi. Ko inji sai an ba shi oda."

Ya zauna a wurina. Da hagu ya kwantar da kwalba, ya tura ta har ta tokari ƙarfen. Hannun dama na ta karkarwa a iska har ya kai ga mariƙin, ya damƙe. Ina tsaye ina kallo rawar ta lafa. Ya juya a hankali, kwalba ta mirgina, takarda ta kwanta. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku. Bai yarda da inji haka nan ba. Ya laluba aljihu ya ciro zarensa, ya ce in ɗaura masa a ƙusoshin, don ƙulli ya fi ƙarfin yatsunsa. Ya jera kwalaben a bayansa, ya sunkuya ya rufe ido ɗaya. Duk sun zauna kan zare. Na shige kicin na yi kukana a can, don Baba ba ya son a yi masa kuka a bakin aiki.

Har yau mijina na cewa da gangan na karkata lebul ɗin ranar. Ina barin sa da zatonsa, tunda ya ɗauke ni mai wayo. Gaskiya dai hannuna ne kawai.

Daga nan Baba ya mallake injin. Shi ke goge shi, shi ke ɗiga masa man keke, kuma ya kafa doka cewa kwalba iri ɗaya za a riƙa saye, don kada a riƙa kwance ƙarfen tokare kullum. Mai kanti ya ƙara yawan abin da yake karɓa, wani ma daga Birnin Kebbi ya nemo mu. Amma ni ba wannan nake dubawa ba. Kwanon tuwonsa nake dubawa, kuma ya koma dawowa a sharce.

Aka yanke dawa. Wata safiya ɗan ƙanen Baba ya iso da mashin da igiyar ɗaure akwati, kamar yadda aka yi da shi. Gabana ya faɗi, don Baba bai taɓa cewa ya fasa ba, kuma ban san shi da janye magana ba. Ya iske Baba a bakin inji, mijina na gefe yana ɗaure takalmi zai tafi makaranta. Bayan gaisuwa baƙon ya ce ya zo ne a kan maganar tafiya. Baba bai saki mariƙin ba. Ba da Hausa ya amsa ba, da yarenmu ya amsa, wanda ba ya yi a gaban mijina sai magana ta kai magana.

"Ka koma ka gaya musu ina bakin aiki. Ka kuma gaya musu surukina ya gama golmonsa."

Mijina ya daɗe a sunkuye a kan takalmin da ya riga ya ɗaure.

Baba ya ƙara shekaru tare da mu. Da ƙafa ta gaza, sai a ɗauko shi a zaunar a bakin teburin, ya juya abin da ya samu. A ɗakinsa na gidanmu ya cika, da rana tsaka, kansa a cinyata, mijina na riƙe da hannun nan na dama. Na gode wa Allah da ba saƙo aka aiko mini daga kan tudu ba. Na kuma gode wa mutumin da na zazzage wa faɗa a kan kwali, kuma na faɗa masa da bakina, ba sau ɗaya ba. Injin na nan yana aiki, ni ke juya shi yanzu, kuma ina tura kwalba har ta tokari ƙarfen kafin in juya.