Mutumin da Ke Rufe Rijiya

Ina jiran mota a kasuwar Zakirai, shi kuma yana zaune a gindin darbejiya, ya ƙura wa rijiyar masallaci ido. Rigar 'yan kwana-kwana ce a jikinsa, duk ta koɗe. Tafin hannunsa ya yi kanta irin ta igiya. Idanunsa jajur, da gani ya daɗe rabonsa da barcin kirki.

Wata dattijuwa ta jefa guga. Da jin faɗawarsa cikin ruwa sai mutumin ya zabura, yana laluben ƙugunsa, daidai inda ake ɗaura wa mai shiga rijiya igiya.

"Guga ne, Malam Muntaka," in ji mai shayin da ke gefe. "Zauna."

Bai zauna ba. Tana gamawa ya ja murfin ya rufe, ya ɗora dutse. Ina jin ko randar gidansa haka yake yi mata.

"Ɗan nan, ai akwai masu ɗiba a bayana," in ji dattijuwar.

"Su buɗe, Inna," ya ce a gajiye. "Bana sau tara ana zura ni cikin rijiya. Mutum biyu kaɗai na fito da su da rai."