Farar Rigar Baba Umara Mai Kwale-kwale

Ranar Alhamis, 17 ga Yuli, 1975, cikin watan Rajab, ina wurin aiki a Kano wani direban motar kifi ya iso mini da saƙo daga Haɗejiya cewa Allah Ya karɓi ran Baba Umara mai kwale-kwale, bayan zazzaɓin da bai daɗe da kwantar da shi ba. Na Allah muke, kuma duk nisan tafiya a wurinsa za a sauka. Kafin in iso gida an riga an kai shi makwancinsa.

Baba, na saurari jaridu da rediyo ko za su ambace ka, ban ji komai ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ban yarda cewa mai rawani da mai digiri kaɗai ne suka cancanci tawada ba. Na karanta ilimin tattalin arziki a jami'a a Zariya, kuma ina faɗa da babbar murya, ba tare da neman afuwar kowa ba, cewa rumfarka ta bakin kogi mu'assasa ce ta ilimi. Ta warware mas'alar da masu tsara manufofinmu suke ta muhawara a kanta a ɗakuna masu fanka, wato makomar yaron da ya gama aji bakwai bai sami gurbi a sakandare ba. Irin wannan yaro ya fi ƙarfin fartanya a ganinsa, ofis kuma ya fi ƙarfinsa. Sai ka gan shi a tasha da takardar shaida a aljihu, yana jiran abin da shi kansa bai sani ba. Kai ka riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ba ka taɓa tambayar yaro sana'ar kakansa ba. Ɗan masunci da ɗan mahauci da ɗan malami duk gizago ɗaya ka miƙa musu.

Ƙanena Shu'ibu yana cikinsu. Da sakamakon jarrabawarsa ya fito ba sunansa, mahaifinmu Malam Tukur ya nema masa aikin masinja a ofishin En'e. Ni kuwa na zo hutu, na ce wannan zalunci ne ga basirar yaron da tun yana ƙarami yake sassaƙa motoci da kara. Na kama hannunsa na kawo maka shi, na yi maka dogon bayani a kan muhimmancin ƙwarewar hannu ga bunƙasar al'umma. Ka saurare ni har na gama, kana wasa kurfi a kan dutse, sannan ka ce, "Ɗan Zariya, duk wannan wa'azin don in karɓi Bafillatani guda? Ajiye shi nan. In ya ga ruwa bai gudu ba, mun sami mutum."

Mahaifinmu bai ji daɗi ba. Mu jikokin makiyaya ne, kuma a ganinsa ɗan mai shanu ba ya durƙusa a gaban katako. Kai Babarbare, shi Bafillatani, shekara da shekaru kuna tsokanar juna a kasuwa, amma daga ranar nan sai ya koma gaishe ka da ladabi. Ka taɓa ce mini wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Duk da haka ka je har zaurenmu ka roƙe shi ya ba ka yaron. Ya amince bisa sharaɗi, ya yanka wa'adin shekaru: idan kogi ya cika a daminar bana ta 1975, ya kuma janye, ba a yaye Shu'ibu ba, to zai ajiye guduma ya je ya sa kakin masinja, kuma magana ta ƙare. Malam Tukur ba ya faɗa ya sake. Kowa a gidanmu ya san haka.

Tarbiyyarka tana da nizami, ko da yake ba ka taɓa kiran ta da wannan suna ba. Shekarar farko yaro ba ya taɓa katakon maɗaci sai dai ya ɗauka ya ajiye. Aikinsa wasa ƙarfe da dafa kwalta da murza audugar da ake cusawa a tsakanin katako. Masu gaggawa a nan suke faɗuwa. Waɗanda suka tsaya kuwa, daga tukunyar matarka Inna Mairam suke ci, kuma ba ka sa hannu a akushi sai ka ga an zuba musu. Ka kan ce wa 'yan boko lissafin da suka koyo a makaranta ba na ado ba ne, su zo su auna maka da shi, ka kuma yaba musu a gaban baƙi idan awon ya fita daidai.

A shekarar fari, lokacin da fadama ta bushe har yara suna ƙwallo a inda aka saba jefa taru, babu wanda ya zo neman jirgi. Masu sana'a da yawa sun sallami yaransu. Kai ka ce uba ba ya korar ɗa don rumbu ya yi ƙasa. Ka koma yin ƙofofi da bencin makaranta da allon karatu, ka sayar da kekenka, ba ka mayar da yaro ko ɗaya gidan iyayensa ba. Mutanen Auyo kuma ba su manta da shekarar da ruwa ya shanye musu shinkafa ya tsare su a kan tudu ba, ka tura musu sababbin jirage da aka riga aka yi wa ciniki, ka ce waɗanda suka yi cinikin za su yi haƙuri, rai ya riga alkawari.

Amma abin da ya bambanta ka da kowane maƙeri a wannan kwari shi ne yadda kake yaye yaro. Sai ya ƙera kwale-kwale shi kaɗai, daga zaɓen katako har ƙusar ƙarshe, ba wanda zai taya shi. A jira kogi ya cika. Ranar da aka sa, ka fito da farar riga wankakkiya, ka zauna dirshan a ƙasan jirgin ba tabarma, yaron ya tuƙa ka zuwa ɗaya gaɓar. Idan an isa ka miƙe, ka juya wa jama'a baya. In rigar a bushe take, ya zama maƙeri. In da danshi ko kamar tafin hannu, sai baɗi. Kuma duk garin nan an san tun da gungume ya faɗo maka a ƙafa ba ka iya iyo. Saboda wannan al'ada, masuntan Baturiya da manoman Auyo ba sa tambayar kuɗin jirgi sai sun fara tambaya ko wanda ya ƙera shi ya ƙetare da kai. Wanda bai ƙetare da kai ba, ko jirginsa na zinariya ne zai ruɓe a rumfa.

Shu'ibu ya gama nasa a farkon damina. Ka zagaya shi, ka ƙwanƙwasa, sai ka ce wa Inna Mairam ta wanke rigar. Ruwa ake jira, ajali ya riga ruwa zuwa.

Na sami ƙanena a rumfarka, zaune kusa da jirgin, ko abinci ba ya ci. Maraici biyu ne ya haɗu masa: ya rasa ubangida, ga kuma kogi yana ta hauhawa ba mai zama a jirginsa. Ranar sadakar arba'in tsofaffin yaranka suka taru daga Nguru da Gashuwa da ƙauyukan fadama. Bayan addu'a na miƙe na gabatar da shawara cewa babbansu, Mala, wanda ya fara ƙetarewa da kai, ya gaje ka a wannan aiki. Na kawo hujjoji masu ƙarfi, jama'a kuma suka goyi baya. Mala ya ƙi. Ya ce ba raini ba ne, ba kuma tsoro ba. Ya ce ka taɓa gaya masa dalilin da ya sa kake zama da kanka: yaro ya ƙera jirgi yana sane da cewa wanda ba zai iya jure rashinsa ba ne zai shiga. "Ni kifi ne," in ji Mala. "In ya nutse in fito ina dariya. Zamana ba shaida ba ne."

Mahaifinmu yana can gefe, ya zo gaisuwa ne kawai, carbi a hannu. Mutum ne da bai taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba, bai kuma iya iyo ba. Ko shanu za a ƙetarar, shi a gaɓa yake tsayawa yana ba da umarni. Sai muka ji ya yi gyaran murya, ya tambayi Mala ko dole sai maƙeri ne zai zauna. Mala ya ce shi dai bai taɓa jin ka faɗi haka ba.

Washegari da hantsi Malam Tukur ya sauko mashigi da farar rigarsa ta Juma'a. Kogi ya cika ya yi ja, yana tafe da ciyawa da rassa. Na so in riƙe masa hannu ya shiga, ya ture ni. Ya zauna a ƙasan jirgin, ya kama gefe biyu, ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi. Shu'ibu ya ɗauki filafili. Mu muka bi su a jirgin Mala. A tsakiya igiyar ruwa ta karkata su, na ga ƙanena ya dubi mahaifinsa sau ɗaya, ya gyara zama, ya ci gaba da tuƙi.

Da aka isa, tsohon ya miƙe da kyar, ya taka ƙasa, ya juya wa jama'a baya. Ya ce, "Ku duba da kyau. Kada gobe a ce don ɗana ne."

Mala ya shafa rigar daga kafaɗa har ƙasa, ya kira wasu dattawan masunta su ma suka shafa. A bushe take. Mahaifinmu bai yi wa Shu'ibu doguwar magana ba. Ya ce masa Allah Ya sa albarka, ya kuma ce a aika wa mutumin En'e ya ba wani aikin. Da aka ce ya shigo a koma, ya ce shi ya yi abin da ya kawo shi, ta gada zai zagaya da ƙafarsa. Haka kuwa ya yi. Kafin ya iso gida wani masunci daga Baturiya ya riga ya sayi jirgin ya ɗaure shi a bayan nasa.

Baba Umara, yaronka na ƙarshe ya ƙetare, kuma ya buɗe rumfarka da izinin Inna Mairam. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Yadda ka sa ranka a hannun 'ya'yan mutane don su zama mutane, Allah Ya ƙetarar da kai siraɗi lafiya, Ya sa kowace ƙusa da yaranka za su buga ta zame maka sadaka mai gudana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Mairam da 'ya'yanta, da Mala da sauran 'yan'uwansa na rumfa, da masunta da manoman fadamar Haɗejiya baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu zuwan. Amin.

Ja'afaru Tukur Haɗejiya
Kano, Sha'aban 1395