Zuma a jarkar maganin ciyawa

Na zauna a Abijan da Khartum, na ga yadda wasu masu binciken abinci ke shiga kasuwa, kafin su yi magana sun kifar da tire. Shi ya sa ranar da duba-gari ta tsaya gaban mai zuma a kasuwar Birnin Gwari, na bar shayina na matso.

Mai zumar tsoho ne daga Tabanni, sa'ana, a bakin daji yake kiwonta. Ta shekara guda ya kawo, jarka biyu, fara da shuɗiya. Duba-garin kuwa ba ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta juya shuɗiyar jarkar. Akwai guntun takarda a jikinta, da Faransanci.

Ta ce da ni, "Baba Alhaji, an ce kana jin yaren nan. Me aka rubuta?"

Na sa tabarau na karanta. Maganin kashe ciyawa ne, kuma an hana sake zuba komai a ciki.

Tsohon ya ce, "Sau bakwai na wanke ta, har da toka! Ko ƙwaryar da kare ya lasa ai iyakarta ke nan."

"Yawun kare a sama yake tsayawa, Baba. Wannan cikin robar yake shiga."

A hankali take magana, masu rumfunan kusa ma ba su san me ake ciki ba. Ta ɗebi zuma daga kowace jarka a ƙananan kwalabe uku: ɗaya ta ɗakin gwaji a Kaduna, ɗaya ta ofis, ɗaya ta miƙa masa, ko zai yi jayayya daga baya. Ta liƙe bakinsu, ta rubuta rana da sunan ƙauye, ya dangwala yatsa. Da ya so cika mata kwalba daga farar ta kai gida, ta yi dariya.

"In na karɓa, Baba, wa zai yarda da takardata?"

Ta tafi da jarkokin, suka yi sati uku a ofis. Kowa ya san halin hanyar Kaduna a shekarun nan, amma ita da kanta ta kai kwalaben. Duk ranar kasuwa tsohon yakan zo ya zauna kusa da ni hannu wofi, yana cewa tabarauna ne suka cinye masa zuma.

Sakamako ya zo: farar lafiya lau, shuɗiyar akwai magani. Aka haƙa rami a bayan ofis. Tsohon ya ce shi zai zubar da hannunsa. Zuma ba ta saurin fita, duba-garin ta tsaya tare da shi cikin rana har jarkar ta tsiyaye.

Sannan ya karɓi shebur. Ya ce a bar shi ya rufe da kyau, kada ƙudan zuma su kwasa su mayar amya. Ya tattake ƙasar, ya ɗauki farar jarkarsa ya nufi kasuwa.