Kifin da Abokina Ya Juya

Shekarun baya, lokacin ina sarin jakunkuna a Shiling, a yankin Guangzhou na ƙasar China, akwai wani direba ɗan China da ke jigilarmu, ni da abokina ɗan Kano. Wata safiya ya zo da ido jajur ya ce yau babu aiki. Jirgin kamun kifin ƙanensa ya shiga teku, sauran jiragen duk sun dawo, nasa shiru. Gida zai tafi. Na ce wa abokina jaje ya kama mu. Direban ya ce ba sai mun je ba, ni kuwa da taurin kaina na riga na zauna a mota.

Da farko mota muka yi, sannan jirgin fito, sannan ƙafa. Garin nasu tsibiri ne ƙarami. Jirage na ɗaure a jere a bakin ruwa, an shanya koma da ƙananan kifi, ƙarni ko'ina. Tsofaffi na ɗinkin koma. Direban ya tambayi ɗayansu labari, tsohon ya ce "meyo", wato babu, bai ko ɗaga kai ba.

Mahaifiyarsu 'yar ƙaramar tsohuwa ce. Duk da halin da take ciki sai da ta yi mana girki, a sabuwar tukunya, don ɗanta ya gaya mata ba ma cin alade. Aka ajiye babban kifi guda a tsakiya. Muka cinye gefen sama. Abokina ya sa hannu ya juya shi, yadda kowa ke yi a gida.

Tsohuwar ta ajiye tsinken cin abincinta ta fita. Direban ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya ce da abokina a hankali, "Lawban," wato maigida, "a nan ba a juya kifi. Ƙayar ake ɗagewa a ci na ƙasa. Wanda ya juya kifi, jirgi ya juya a teku."

Abokina ya raɗa mini da Hausa, "Alhaji, wallahi ban sani ba. In mayar da shi?"

Na ce, "Cire hannunka, malam. Ka juya sau ɗaya, za ka ƙara na biyu?"

A bakin ruwa muka same ta tsaye tana kallon teku. Na roƙi direban ya ba ta haƙuri, ya ce in bari. Muka yi la'asar a kan siminti, muka yi wa yaron addu'a, muka bi jirgin fito na ƙarshe.

Daga baya aka ga jirgin a kife, ba a samu kowa da rai ba. Direban ya dawo aiki, bai taɓa tayar da maganar ba. Abokina ne ya kasa haɗa ido da shi, har ya sauya mota.

Na san ajali na Allah ne, watakila ma tun kafin mu bar Guangzhou jirgin ya kife. Amma ni na matsa aka je, ban kuma tambayi abin da ake yi da wanda ba a yi a gidan mutane ba. Mun je rage wa tsohuwar nan nauyi. Abin da ta sani kawai shi ne wasu baƙi sun zauna a gidanta, ta ciyar da su, suka juya jirgin ɗanta a kan idonta.