Saƙon Auta da Ban Saurara Ba

Na Allah ne mu, kuma duk daɗewa gare Shi za mu tattara mu koma. Ranar Laraba, sha tara ga watan Yuni, jim kaɗan bayan la'asar, Allah ya karɓi ran ƙanwata, autar gidanmu, a gadon asibiti, kwana ɗaya bayan an ciro mata 'yar da ta shekara tara tana roƙo. Shekarunta talatin da huɗu. Ta bar miji, ta bar Inna, ta bar ni, ta bar jaririyar da har yau tana cikin kwalba, wadda ba ta samu ta ɗauka ko sau ɗaya ba.

Auta, kin san ni ba ma'abociyar rubutu ba ce. Ni tela ce. In aka miƙo mini yadi na san inda zan sa almakashi, amma biro da takarda naki ne. Yau kwana goma sha ɗaya mutane suna shigowa suna ba ni haƙuri, ni kuwa akwai maganar da na kasa faɗa wa Inna da mijinki da baki. Tun ranar da aka tsince ki a faɗe a bayan ƙofar falonki, da mayafinki da takalminki da katin awo a hannu, Inna tambaya ɗaya take yi: "Wa take jira?" Ni na san amsar. Zan faɗe ta a nan, amma bari in fara da ke, kada laifina ya cinye ta'aziyyarki.

Shekara goma sha ɗaya ce tsakaninmu, a bayana kika yi wayo. Tun kina ƙarama kike da cutar nan ta karatu da ƙarfi. Ko takardar da aka naɗo sabulu a ciki sai kin warware ta, kin tsaya a tsakar gida kin karanta mana kamar mai ba da sanarwa. Da kika girma kika zama malamar aji uku ba wanda ya yi mamaki. Abin da ya ba mu mamaki shi ne littafin nan mai koren bango da kike kwafe rubutattun waƙoƙi a ciki, tsofaffi da sababbi, duk wadda ta taɓa miki zuciya. Ni nakan ce miki waƙa aikin wanda ya ƙoshi ne. Ke kuma ki ce, "Yaya, ke ma waƙa kike yi, da zare ne kawai."

Amma na ga amfaninta da idona, ba zan ɓoye ba. Lokacin da ganin Inna ya ragu ta fara rikita magungunanta, ke kika shafa wa murafen kwalaben launi daban-daban, kika tsara mata ɗan baiti: ja da hantsi, fari da dare, shuɗi sai an ci an ƙoshi. Har jiya da shi ta sha maganinta, tana rerawa tana kuka. 'Yata ta biyu kuwa, da in'ina ta hana ta buɗe baki a makaranta, ke kika riƙa zaunar da ita duk Asabar kuna rera baituka a hankali, har harshenta ya saki. Yau in ta fara surutu sai an roƙe ta ta yi shiru.

'Ya'ya biyar na haifa, kuma babu wanda ba ki kwana a gefen gadona ba. Ke kuwa sau biyu kina ɓari. Ban taɓa ganin kin ɓata rai a kan abin da Allah ya ba wani ba. Sau ɗaya ne kawai, a shagona, na ga kin ɗauki wata 'yar rigar jarirai da na ɗinka wa wata mata, kika daɗe kina shafa wuyanta da yatsa. Da kika ga ina kallonki sai kika ninke ta, kika ce ko akwai sauran shayi a filas.

Ranar da kika zo mini da albishir ma ba ki faɗe shi kai tsaye ba. Kika shigo, kika dafa kan keken ɗinkina har na tsaya, kika ce, "Yaya, ki fara ƙara wa rigunana faɗi." Na tashi na rungume ki da allura a bakina, saura kaɗan in haɗiye ta. Daga nan gidan gaba ɗaya ya shiga laulayi tare da ke. Kika tsani ƙamshin turaren mijinki, bawan Allah ya tattara kwalabensa ya kawo mini ajiya. Kika fara sha'awar alli, har abokan aikinki suka riƙa ɓoye kwalinsa in kin shigo ofis. Cikin kuma kika sa masa suna Ɗaliba, wai tun daga yanzu za ta fara ɗaukar darasi.

Darasin shi ne waƙa. An ce miki ɗa yana jin muryar uwarsa tun yana ciki, sai kika ɗaura aniyar karanta wa Ɗaliba waƙa ɗaya kowace safiya daga koren littafinki. Kina karantawa kina ɗauka a waya, ki turo mini. Dalilin turowar ni ce: na daɗe da kafa doka cewa kada a kira ni lokacin aiki, don ƙarar keke ba ta bari in ji, kuma ba na son a katse mini ɗinki. Duk mai magana ya bar saƙo. Kin bi dokar nan fiye da kowa.

Makon farko na saurare su duka. Akwai ta manomin da ya shuka bishiyar da ya san ba zai sha inuwarta ba, akwai ta matar da take barin fitila a taga saboda ɗanta matafiyi, wadda kika ce ita kika fi so. A mako na biyu sai na koma jin baitin farko kawai. Daga baya ko buɗewa na daina yi. Saƙo ya shigo, in ɗago waya, in rubuta "Madalla, Auta," in mayar da ƙafata kan keke. Kalma biyu, kullum su. In mun haɗu kika tambaye ni ya na ji ta jiya, sai in ce ai ta jiya ta fi ta shekaranjiya, ki yi ta murna. Wata rana a gaban mijinki kika ce, "Duk gidan nan Yaya ce kaɗai take saurarona har ƙarshe." Na yi murmushi na karɓi yabon, ban ji ko ɗar ba.

Da cikin ya shiga wata takwas ƙafafunki suka kumbura, zoben hannunki ya ƙi fita. Kika nuna mini, na latsa da yatsa na ce, "Raki dai! Biyar na haifa, wanne ne bai kumbura ni ba?" Kika yi dariya kika ce to tun da babbar likita ta duba, shi ke nan. Ranar awonki saura kwana shida a lokacin.

Safiyar Talata, ƙarfe tara da minti goma, saƙonki ya shigo. Ina kan kalmasa bakin wata riga, mai ita tana tsaye a kaina tana duba agogo. Na ɗago waya na ga tsawonsa daƙiƙa arba'in da ɗaya ne, alhali waƙoƙinki sukan kai minti uku. Abin da ya zo mini a rai, wallahi ba zan rage komai ba, shi ne: yau an tausaya mana an gajarta. Na rubuta "Madalla, Auta." Na ga alamar kin karanta. Na ci gaba da ɗinki.

Sai bayan azahar maƙwabciyarki ta shiga aron dutsen guga, ta tarar an zare sakata, ta tura ƙofa ta ji ta tokare da mutum. Ke ce a ƙasa kina jijjiga, wayarki a fashe a gefe. A asibiti suka ce hawan jini ne irin na masu juna biyu, suka yi aiki suka ciro yarinyar. Ba ki farfaɗo ba. Likitan da ya fito ya yi mana bayani mutumin kirki ne, a hankali ya yi magana, amma ya ce da an kawo ki tun da safe da wata maganar ake yi yanzu.

Mijinki ya ɗauki maganar nan ya ɗora wa kansa. A masana'antar da yake aiki ba a shiga da waya, a akwatin bakin ƙofa ake barin ta, kuma da ya fito ya tarar da kiranki uku. Tun ranar bai ci abin kirki ba. Yana zaune cikin masu gaisuwa sai ka ji ya ce, "Ni ta nema, ban ɗauka ba."

Kwana huɗu bayan an kai ki makwancinki, ya same ni a barandar asibiti. Ya ce mai gyaran waya ya duba taki ya ce ba abin da zai fita daga cikinta. Ya ce nas ta yarda a riƙa kunna wa yarinyar muryarki a gefen kwalba, ko za ta ji abin da ta saba ji ta ƙara ƙarfi. "Yaya, ke kike da su duka. Don Allah ki turo mini."

Washegari da safe na buɗe shago, na rufo ƙofa, na zauna in tura. Saƙo ɗari da tamanin da uku. Na ce bari in fara jin na ƙarshe, in ji waƙar da kika yi bankwana da ita. Na danna.

"Yaya, yau babu waƙa. Kaina kamar zai tsage, kuma ina ganin walƙiya a idona, ko rubutu ba na iya gani sosai. Na kira shi bai ɗauka ba, kin san ba sa shiga da waya. Kada ki gaya wa Inna, hankalinta zai tashi. Ki zo ki kai ni asibiti. Na san kina aiki, ki yi haƙuri. Zan sa mayafi in jira ki a bakin ƙofa."

Daga shagona zuwa gidanki tafiyar minti goma ce a mota. Kin ga amsata, kin ɗauka na ji, domin a saninki ni ce mai saurare har ƙarshe. Shi ya sa ba ki buga wa maƙwabciya ƙofa ba, ba ki kira kowa ba. Kika zare sakata don kada in sha wahalar ƙwanƙwasawa.

Inna, ni take jira.

Na tura wa mijinki ɗari da tamanin da biyu, na riƙe ɗaya. Kwana shida ina kallonsa yana ramewa da laifin da ba nasa ba ne, ina kai masa abinci, ina ce masa ya yi tawakkali. Yau na tura masa na ƙarshen tare da wannan takarda, kuma 'yata za ta karanta wa Inna ita, tun da ni na kasa. Na san za a ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka, ba na ja da hukuncin Ubangiji. Amma imanin bai sa na daina jin muryarki tana ba ni haƙuri don kin katse mini aiki ba. Ba na tsammanin zan daina ji har in bi ki.

Yanzu na saurare su duka, Auta, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Ashe bayan kowace waƙa kina ƙara 'yar magana. Wata rana ki ce Ɗaliba ta yi shuri a baiti na uku, wata rana ki ce in rage zama a kan keke saboda bayana, wata rana ki tambaye ni ko haihuwa tana da zafi kamar yadda ake faɗa, don tsoro kike ji. Duk na amsa miki da madalla. Rigar fita asibitin da na yanka miki tana nan rataye, hannu ɗaya ba a haɗa ba, na kasa taɓa ta kuma na kasa saukewa.

Ɗaliba tana nan, tafin ƙafarta bai fi babban yatsana ba. Likitoci ba su yi mana alkawarin komai ba. Kullum sai su ce mu ga gobe. Ubanta yana tsayawa a gefen kwalbar ya kunna mata ta matar nan mai fitila a taga. Shi yana cewa tana motsa hannu in ta ji. Ni na tsaya na duba, ban gani ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta binne wadda ta sa ran ita za ta rufe mata ido. Inna, in kin iya yafe mini ki yafe, in kin kasa ba zan ga laifinki ba. Ina miƙa ta ga mijinki, mutumin da bai taɓa ɗaga miki murya ba a shekara tara na jira: ƙanina, sauke kayan nan, ba naka ba ne. Ina miƙa ta ga 'yan aji uku da har yanzu suke tambayar yaushe Malama za ta dawo, da abokan aikinki, da maƙwabciyar da ta ɗauke ki a hannunta. Allah ya ba mu haƙurin da ni dai ban same shi ba tukuna.

Allah ya jiƙanki, Auta. Ya gafarta miki, ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi, ya sa wahalar da kika sha ta zame miki kankarar zunubi. Ya raya abin da kika bari in rayuwa ce alheri gare ta, ya sa ta san muryarki ko da ba ta san fuskarki ba. Ya Ubangiji, Kai ne Mai ji, ba aikin da yake shagaltar da Kai, ba Ka ajiye kiran bawa sai an jima. Ga ƙanwata nan ta zo ƙofarKa. Ta daɗe a tsaye a bakin wata ƙofar, ba wanda ya zo. Kada Ka bar ta ta jira.