Shirun da Ba Nasa Ba

Abubuwa da yawa sun shuɗe min a ƙwaƙwalwa, amma ranar da motar jami'a ta tsaya a firamaren garinmu, can tsakanin Kura da Kadawa, ba za ta taɓa goguwa ba. Lokacin littattafan soyayya sun fara shigowa kasuwa, kuma sun gama cika min kai. Yayana ke kawo min su daga Kano idan ya kai tumatir. Na riga na haddace yadda masoyi zai yi magana: zai kira ni sanyin idaniyarsa, ya rantse ya daina barci saboda ni.

Sai Allah ya haɗa ni da wani saurayi manomin rani, mai kunya kamar amarya. Ina son sa, wannan ba na musu. Yakan zo zance bayan la'asar, ƙafarsa da sauran laka, ya tsaya a bakin zaure ta hannun damana. Ni kuma in jingina da bango, in ja mayafi, in sunkuyar da kai, don an koya mana 'yar mutunci ba ta kallon fuskar saurayi. Sallama da gaisuwa yakan yi su da ƙarfi tun daga nesa, in amsa. Daga nan sai shiru. In yi ta kallon yatsun ƙafata ina jiran kalma ɗaya tak, ba abin da ke iso ni sai wani ɗan gunguni da na ɗauka na injin niƙan bayan gidanmu ne. Can sai ya yi gyaran murya ya ce, "To, na tafi."

Na rasa fassarar da zan yi wa wannan shiru. Yau in ce so ne ya ɗaure masa harshe, in kwana ina murmushi. Gobe in ce ya gaji da ni, in jiƙa matashi da hawaye.

Ana haka gwaggonsa ta zo wurin Innata, ko tabarma ba ta gama zama a kai ba ta fara: "Yaron nan fa ya ce ya haƙura. Ya sha tambayarta ko ya turo manya, ko uffan. In an gama ɗiban tumatir zai duba wani wurin."

Na fito daga ɗaki ba ko ɗankwali. "Ni? Wallahi Gwaggo bai taɓa tambayata komai ba!"

"Au, maƙaryaci ne ke nan?"

Inna ta taɓe baki. "Halinta ne. Ni ma sai in yi ta kira, tana can cikin littattafanta."

Kaina ya ɗaure tam. Ko dai ƙirƙira ya yi don ya rabu da ni cikin mutunci? Ko wani ne ya shiga tsakaninmu, kamar yadda ake yi a labarai? Har na fara zargin kaina da taɓin aljanu.

A makon ne aka yi shela cewa masu bincike kan ji da magana sun zo daga jami'a, suna son sanin abin da ya sa ciwon kunne ya yi yawa a garuruwan bakin kanal ɗin ruwan noman rani. Ni ba kunne ya kai ni ba, so nake in ga matan jami'a da idona. Na bi Inna muka shiga layin mata, maza na tsaye a waje ta taga suna jiran nasu.

Shugabarsu wata malama ce mai tabarau, gabanta wani inji kamar rediyo da aka jona da batirin mota. Ta kifa min wasu faifai masu laushi a kunnuwa, ta ce duk lokacin da na ji ƙara in ɗaga hannu. Aka fara da hagu: ƙara siririya kamar ta sauro, na yi ta ɗaga hannu ina jin daɗi. Ta ce saura dama. Na zauna ina jira. Na ga tana murɗa wani maɓalli, tana kallona, ta sake murɗawa.

"Malama, injin ya mutu," na ce.

"Injin lafiyarsa lau, ƙanwata." Ta juya ga Inna. "Kunnen nan ya taɓa zubar da ruwa tana ƙarama?"

Inna ta dafe ƙirji. "Bayan ƙyanda. Amma ai ya bushe tuni!"

Malamar ta yi bayani a hankali cewa ya bushe, amma ya tafi da mafi yawan jin, na hagu ne ke ɗauke da ni duk shekarun nan. Ta ce a kai ni asibiti a Kano, kafin nan kuma in riƙa kallon bakin mai magana. Ni dai ina zaune kamar an sauke ni a garin da ban sani ba. Ashe kiran Inna, da sallamar maƙwabta da ake cewa girman kai ke hana ni amsawa, da gungunin injin niƙa... Na ɗaga kai, sai ga saurayin nawa a taga, ya buɗe baki yana kallona.

Ran nan bayan la'asar ya zo, ya tsaya inda ya saba, ya cika ƙirji da iska. "KINA JI NA?"

Kaji suka watse. "Malam, ba sai ka tara min unguwa ba," na ce. "Dawo ta nan."

Ya zagayo hagu. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na kalli fuskarsa. "Maimaita."

"Daga ina?"

"Daga farko."

Ya sosa ƙeya. Ba sanyin idaniya, ba rashin barci. Cewa ya yi ya ware kunyoyin tumatir biyu a gonarsa bai sayar ba, don ya ji ina son miyar ɗanyen tumatir, kuma ko ya turo manya? Ban taɓa karanta abin da ya kai wannan daɗi ba.

Har yau, da jikokinmu, in za mu zauna sai ya zagayo hagu ba tare da ya sani ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka ce mutum ya yi maka shiru, ɗaga kai ka dube shi. Wataƙila ya daɗe yana magana, kai ne ka juya masa ɓangaren da ba ya ji.